Murfin Shuɗin Gwangwani

Ranar da labarin ya iso ta, Mai Ƙamshi tana tsugune a gaban risho tana tace man kaɗanya. Hantsi ne. Ta ɗaure farin ƙyalle a bakin tukunya, tana zuba narkakken man a hankali, tsakuwa da ɓawo suna tsayawa a sama. Sai ta ji sallama a ƙofa, muryar Makanike, abokin mijinta tun suna samari. Ta amsa ba ta ɗago ba. Ta ce ya shigo, amma maigidan sai gobe zai dawo.

Ya shigo ya tsaya a bakin kicin. Jakar mijinta ce a kafaɗarsa, a hannunsa kuma ɗan ƙaramin buhu. Jakar ta fara gani. Shekara talatin da ɗaya mijinta yana tuƙa babbar mota, bai taɓa ba wa wani wannan jaka ya riƙe masa ba.

"Ina mai jakar?" ta ce.

Makanike ya zauna a ƙasa, nan kan siminti, da kayansa masu tsabta.

"Sai haƙuri, Mai Ƙamshi. Ba hatsari ba ne. Ƙirjinsa ne ya riƙe shi a hanya. Ya sauka gefen titi, ya ajiye motar daidai, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Har makulli ya zare ya sa a aljihu. An same shi ya jingina da kujera kamar mai jiran a gama lodi."

Ta yi salati. Ludayi yana hannunta, mai yana ɗiga a kan ƙafarta ba ta ji zafinsa ba. Abin da ta faɗa bayan salatin, wanda har yau take jin kunyarsa, shi ne, "A kashe rishon nan, man zai ƙone."

Makanike ya miƙa hannu ya kashe. Sannan ya turo mata buhun. Man kaɗanya ne a ciki, da curi biyu na kakin zuma.

"Naki ne. A kujerar gefensa muka same shi. Har bel ya ɗaura masa."

Nan ne kukan ya zo.

Sunan Mai Ƙamshi ba a banza ta same shi ba. Man shafawa da sabulu take yi a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, tana jera su a kanta biyu a bakin tagar da ke kallon titi. Masu irin sana'ar ba su da wuyar samu a layin, amma nata daban yake saboda wata 'yar baƙar kwalba. Busasshen ɓawon lemo da kanumfari da kirfa take jiƙawa a man zaitun, ta rufe, ta ajiye a bayan ƙofa sati shida, sannan ta tace. Mahaifiyarta ce ta koya mata. Abin da ta gada a wurinta ke nan, shi da tukunya guda. In mace ta shafa man ta shiga mota, sai ta kusa da ita ta tambaye ta inda ta saya.

"Babu komai na kamfani a ciki," haka take gaya wa masu saye. "Duk daga itace ne. Abin da za ki iya sawa a baki, ta ina zai cuci fatarki?"

Ita ke haɗawa, amma mijinta ke zaɓar kaya. Kowa Direba yake ce masa, har 'yarsa in tana wasa. Hanyarsa tana ratsa kasuwanni da yawa, kuma mutum ne mai tsayawa a kan abu. In ya zo sayen man kaɗanya sai ya lakato kaɗan, ya murza a bayan hannunsa, ya jira. In ya ji tsakuwa-tsakuwa, ya wuce. In ya ji warin hayaƙi mai ƙarfi, an ƙona shi wurin suya. In ya yi fari tas, ya ce an wanke shi har an kashe shi. In ya yi rawaya kamar fenti, an rina. Kakin zuma kuwa cizonsa yake yi. Yakan ce na gaskiya yana ƙanshin zuma kuma ba ya farfashewa a haƙori, wanda aka haɗa da kyandir shi ne yake rugurgujewa.

"Sai ka tsufa babu haƙori saboda mayukan matan unguwa," takan ce masa.

"Likita, in haƙoran sun zube ai sai ki haɗa min man da zai tsiro da wasu."

Likita yake ce mata, ita da aji uku kawai ta yi a makaranta. Ta hana shi har ta gaji.

Aiki na biyu da yake mata shi ne juyi. In ta narka man da kakin ta sauke, dole a yi ta juyawa har ya huce ya yi laushi kamar kumfa, in ba haka ba sai ya daskare da gudaji. Wannan aikin ƙarfi ne, ita kuma kafaɗarta ta daɗe tana ciwo. Shi ke riƙe muciya. Shi ne kuma ke ɗiga ƙamshin a ƙarshe, domin ita hannunta yana rawa, shi kuwa yakan ce hannun da ya riƙe sitiyari shekara talatin ba ya zubar da ɗigo ko guda a banza.

Suna da 'ya guda, mai koyarwa a makarantar firamare, wadda kowa yake kira Malama. Mijin Malama yana aiki a nesa, sai ƙarshen wata yake zuwa, saboda haka tana zaune da su ita da 'yarta. Yarinyar nan ita ce Kwandasta. Direba ne ya raɗa mata, tun tana shekara biyu, da yake ɗora ta a kujerar gefensa in motar tana tsaye a ƙofar gida, ita kuma tana buga ƙofa da tafin hannu tana cewa a tafi.

Kwandasta da wahalar fata aka haife ta. Bayan gwiwoyinta, da lanƙwasar hannayenta, da wuyanta, sukan bushe su yi ja su tsage. Ta yi ta susa har jini. Mai Ƙamshi ta gwada mata duk abin da ke kan kantarta, abin sai ya lafa ya dawo. Rannan, yarinyar tana shekara huɗu, Direba ya ɗauke ta ya kai ta asibiti, domin Malama tana da jarrabawar yara. Da suka dawo ya ce an ba su magani na sati guda, an ce a rage sabulu, a yi wanka da ruwan ɗumi, a yawaita shafa mai. Sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Likita, anya ƙamshin nan bai yi mata ƙarfi ba?"

Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Wane ƙamshi?"

"Na baƙar kwalba. Ina nufin, ko za a rage mata."

"Da shi uwata ta raine ni. Da shi na raini 'yarka. Ka taɓa ganin ƙurji a jikinmu? Yanzu kai da bakinka za ka ce min hannun uwata ne ke cutar da jikata?"

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Abinci a kan tebur yake samu a rufe. A rana ta huɗu ya dawo daga tasha da wani shuɗin gwangwanin alewa, babba, mai faɗin baki. Ya raba wa yaran layi alewar, ya wanke gwangwanin da ruwan zafi, ya shanya. Ya yanka kwali daidai zagayen murfin ya cusa a ciki. Ya ce daga yau Kwandasta tana da gwangwaninta ita kaɗai, kamar yadda kowace mota take da tankinta. Mai Ƙamshi ta ɗauka ban-haƙuri ne, ta karɓa.

Daga nan aikin ya samu tsari. Duk ranar haɗi, ƙaramar tukunya ta Kwandasta ce ta ƙarshe: man kaɗanya, ɗan man kwakwa, kakin zuma. Direba ya ɗauki tukunyar ya fita baranda, wai can ne iska take, ya fi saurin hucewa. Mai Ƙamshi ta miƙa masa baƙar kwalba ta ce, "Ɗigo goma. Kar ka yi mata rowa." Shi kuma ya yi ta juyi, Kwandasta tana zaune a gefensa tana kallo. Da man ya fara kauri sai ya ɗaga murya.

"Likita! Inji ya ɗau zafi. A kawo shayi!"

"Kullum sai a daidai wannan lokacin ƙishirwarka take tashi."

"Direba ba ya zaɓar inda mai zai ƙare masa."

Ta shiga ta dafa. Kafin ta fito ya zuba man a shuɗin gwangwani ya rufe. Ta buɗe ta kai hanci, ƙamshin mahaifiyarta ya bugo ta, ta gyaɗa kai. Abu guda ne kawai take masa faɗa a kai: ba ya cika gwangwanin, kullum sai ya bar yatsa biyu a sama.

"Ka cika mana. Man naka ne?"

"Ba a cika tanki har baki, Likita. Sai an bar masa wurin numfashi."

Fatar Kwandasta kuwa ta kwanta. Cikin wata guda tsagar ta rufe, jan ya tafi. Mai Ƙamshi ta tsaya a kan Direba da hannu a ƙugu ta ce, "To, mai cewa ƙamshi ne. Ina bakinka?"

"Na janye, Likita. Ke ce mai asibitin."

Haka suka yi shekara biyu.

Sati biyu kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya cika shuɗin gwangwani, irin cikawarsa. Bayan masu gaisuwa sun watse, gida ya yi faɗi, Mai Ƙamshi ta duba ta ga saura rabi. Ta ce wa Malama kada a damu, ga kayan da Baba ya sayo da hannunsa, haɗin kuma a kanta yake. Ta narka, ta sauke, ta juya da hannun hagu tana hutawa, ta ɗiga goma tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta zuba a wata kwalba mai faɗin baki. Ta ce a fara da sabon, a adana na shuɗin gwangwani, domin ba ta so ta ga ƙasansa.

Kwana biyu da fara shafawa, wuyan Kwandasta ya yi ja. A rana ta huɗu bayan gwiwarta ya tsage. Malama ta koma shafa mata na shuɗin gwangwani, abin ya fara lafawa.

Mai Ƙamshi ta ce juyin ne bai yi ba, hannunta ba shi da ƙarfin nasa. Ta sake, ta sa Malama ta juya har ta yi gumi. Aka shafa. Jan ya dawo.

Ta ce to man ne. Wataƙila ya daɗe a mota, rana ta dake shi. Ta yafa mayafi ta tafi kasuwa, layin masu mai, inda ba ta taka ba shekara da shekaru. Ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta wuce rumfa shida. A ta bakwai wata tsohuwa ta ga Mai Ƙamshi tana cizon kaki ta ce, "Ke matar Direba ce."

"Ya aka yi kika sani?"

"Mutum biyu ne kawai na taɓa gani suna cin kakina. Allah Ya jiƙansa. Ya taɓa dawo min da mai daga tafiyar kwana biyu, wai ya ji hayaƙi a ciki. Na shinshina na shinshina ban ji ba. Na ce, bawan Allah, kai direba ne ko kare?"

Mai Ƙamshi ta yi dariya, dariyarta ta farko tun ranar. Ta sayi mai mai kyau, launin madara, mai narkewa da ɗumin yatsa. Ta dawo ta haɗa na uku. Ɗigo goma. Jan ya dawo.

Daga nan ta rikice. Ta fara tunanin akwai wani abu da yake ƙarawa bai gaya mata ba, wani ganye da yake samowa a hanya. Ta zazzage jakarsa: tawul, reza, tocila, carbi, ƙaramin almakashi, da ƙullin auduga a leda. Babu ganye. Ta mayar da komai yadda yake. Ta shiga ƙare-ƙare da kanta. Ta sa zuma, man ya yi danƙo, ƙura ta manne wa yarinyar. Ta matse ruwan alobera ta zuba, kwana tara ya yi fumfuna baƙi-baƙi a gefe, domin ruwa da mai ba sa zama tare haka kawai, ta san da haka, ta manta. Wata maƙwabciya ta ce ta sa lemon tsami. Allah Ya taimaka ta fara gwadawa a kan wata 'yar tsaga a yatsanta, ta ji kamar an sa mata wuta, ta zubar. Kowane sabon haɗi kuma sai ta ɗiga masa goma, wani lokacin sha biyu, domin a ganinta a nan albarkar take.

Duk lokacin da haɗi ya ƙi, sai a koma shuɗin gwangwani. Yana ta sauka.

Rannan Kwandasta ta dawo daga makaranta tun kafin a tashi, da takarda a hannu. Malamar ajinsu ta ce a duba ta, iyayen wasu yara suna tsoron ko abin yana yaɗuwa. Yarinyar ta zauna a bakin gado tana goga bayan gwiwarta da gefen katifa, domin an hana ta susa da farce.

"Kaka, ba wanda ya yarda ya riƙe hannuna a layi."

Da yamma Malama ta shigo ɗakin haɗi ta tsaya. Ba mai yawan magana ba ce, irin ubanta.

"Inna, don Allah a dakata haka."

"Saura kaɗan in gano. Wannan karon zan rage kwakwar."

"Inna, fatarta ce. Ba tukunyar gwaji ba ce. Ranar Alhamis zan kai ta asibiti. Abin da suka ce in saya a kemis shi zan saya. Na shuɗin gwangwani zai kai mu Alhamis in an lallaɓa. Amma daga yau kar a ƙara shafa mata sabo."

Da a ce da ne, da an yi kwana uku ba magana. Yanzu babu wanda zai shiga tsakani ya kira ta Likita. Mai Ƙamshi ta ce, "To." Ta juya tana goge kantar da ba ta da datti.

Ranar Laraba da safe Malama ta fita da wuri, ta bar mata shafawar. Kwandasta ta fito daga wanka a naɗe da tawul. Mai Ƙamshi ta zauna a tabarma a baranda, ta buɗe shuɗin gwangwani ta ajiye murfin a gefe. Abin da ya rage bai fi cokali biyu ba, a lungun ƙasa. Tana neman inda za ta fara lakata, yarinyar ta fizge murfin ta riƙe da hannu biyu kamar sitiyari, ta zura tsakar gida da gudu.

"Pip-pip! A ba da hanya! Babbar mota!"

"Ke, zo nan, iska za ta busar da ke!"

"Sai na juyo, Kaka, babu wurin juyawa a nan!"

Mai Ƙamshi ta girgiza kai. Ta lakato man da yatsa. Ta tsaya tana kallonsa. Juyin hannunsa ne na ƙarshe a duniya, gobe ba za a same shi ba. Ta kai shi hanci don ta ji ƙamshin.

Babu.

Ta sake shinshinawa. Man kaɗanya ne zalla, da ɗan zaƙin kaki can ƙasa. Ta cusa hanci cikin gwangwanin. A bakinsa akwai ɗan burɓushin kanumfari, kamar wanda ya wuce ta wurin ya tafi. A ƙasa babu komai. Ta fara tunanin ko kuka ne ya toshe mata hanci. Sai babbar mota ta juyo ta taho ta taka birki a gabanta, ƙamshin mahaifiyarta kuma ya taho tare da ita, cikakke, lemo da kirfa da kanumfari.

"Ba ni murfin nan."

Ta juya shi. Kwalin da ke ciki fuskarsa tsaf, ko tabo babu. Ta ɗauki cokalin shayi ta sa bayansa a gefen kwalin za ta ɓanɓare.

"Kaka, kar ki cire!" Kwandasta ta riƙe mata hannu. "Na hancinki ne!"

"Na me?"

Yarinyar ta rufe bakinta da tafin hannu. Idanunta suka cika da ƙwalla.

"Sirri ne. Na direba da kwandasta. Ya ce fasinja ba ya ji."

"Ni ce fasinjar?"

Ta gyaɗa kai.

Mai Ƙamshi ta ɗaga kwalin a hankali. A bayansa ga ɗan faifan auduga an yanka shi da almakashi, ya yi ruwan ƙasa da mai, ya lafe a jikin ƙarfen. Ta tuna ƙullin audugar da ke jakarsa. Ta tuna yatsa biyun da yake bari a sama, don kada man ya taɓa murfi.

"Gaya min, uwata. Direba ya tafi, yanzu ke ce mai motar. Me yake yi in na shiga dafa shayi?"

Kwandasta ta shanye majina.

"Sai ya ce in tsaya a ƙofa in kalli hanya. Sai ya sa ɗigo ɗaya a auduga. Ya ce man na fatata ne, ƙamshin na hancin Kaka ne. Ya ce nas ta ce ko na itace ne kar a sa min. Ya ce in kika sani za ki yi kuka, saboda na mamanki ne."

"Sauran ɗigo taran fa?"

"Yana shafawa a gemunsa."

Shekara biyu tana yaba wa gemun nan. Har ta taɓa ce masa aikin haɗi ya karɓe shi, ƙamshi ya kama jikinsa.

Ta zauna da murfin a cinya. Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake juyewa, har yarinyar ta rasa wanda za ta taya ta. Kofin shayi nawa ta dafa? Sau nawa ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu tana cewa ina bakinka, shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa ya janye? Sai kuma ta dubi bayan gwiwar yarinyar, ja, a tsage, ta ƙirga haɗi bakwai da ta yi da hannunta, kowanne da ɗigonsa goma. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta jawo ta jikinta.

"Ki yafe wa Kaka. Kakarki kurma ce. An gaya mata tun kina shekara huɗu."

"Ba ki ji haushin Baba Direba ba?"

"Na ji. Maƙaryaci ne. Miƙo ƙafar."

Ta shafa mata cokali biyun nan duka, ba ta rage ko kaɗan ba.

Da rana ta wanke ƙaramar tukunya sau uku da ruwan zafi. Muciyar ta shinshina ta ji ƙamshi ya shiga itacen, ta ajiye ta, ta ɗauko sabon cokalin ƙarfe. Man tsohuwar kasuwa, ɗan man kwakwa, kakin da ya zo ɗaure da bel. Abu uku. Ta fita baranda ta juya da hannun hagu, ta huta, ta juya da na dama. Baƙar kwalba tana bayan ƙofa, ba ta ko dube ta ba.

Da Malama ta dawo ta samu uwarta zaune da murfi da kwali da auduga a jere a kan tabarma. Ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki audugar ta shinshina.

"Baba ke nan," ta ce daga baya, tana share ido da bakin mayafi. "Ni ma bai gaya min ba."

"Ya san bakinki da kunnena ba su da nisa. Ga sabo na haɗa, babu ƙamshi. Ban shafa mata ba, kin hana. In kin yarda, a ɗan taɓa mata a cikin hannu, wuri kamar ƙwayar wake, a jira kwana biyu. In ya yi ja, na bar haɗa mata har abada. Asibiti kuma gobe da ni za a je."

Malama ta dubi man, ta dubi uwarta. Ta kira Kwandasta ta ce ta miƙo hannu.

Washegari suka je su uku. Nas ta duba tsagar, ta ce ba ya yaɗuwa, ta rubuta takardar makaranta, ta ba da maganin shafawa na kwana bakwai don wuraren da suka buɗe. Ta tambayi me ake shafa mata a gida. Mai Ƙamshi ta miƙa shuɗin gwangwani, wanda ta zuba sabon haɗin a ciki ta mayar da audugar a murfinsa, ta lissafa da yatsu uku. Nas ta buɗe, ta yamutsa fuska.

"Mama, ai wannan da turare a ciki."

"Ba a ciki yake ba, 'yata. A murfi yake. Lakato ki ji."

Nas ta lakata ta shinshina, ta dubi murfin, ta dube su.

"Wa ya yi wannan dabarar?"

"Wani direba," in ji Mai Ƙamshi.

Nas ta ce gara dai a sa man yarinyar a wani mazubi mai murfi fes, kada wata rana ya taɓa. Mai Ƙamshi ba ta yi musu ba. Malama ta waigo ta dube ta, domin ba ta taɓa ganin an gyara wa uwarta magana a kan mai ta ce to ba.

Wurin nan kamar ƙwayar wake bai yi ja ba, ba a rana ta biyu ba, ba a ta uku ba. Sati uku bayan haka Kwandasta ta dawo daga makaranta ta ce yara biyu sun yi faɗa a kan wa zai riƙe hannunta a layi.

Yanzu kantar bakin taga ta sama mai ƙamshi ce, ta ƙasa marar ƙamshi. In mace ta zo saye, Mai Ƙamshi tana tambayarta ko fatarta tana ƙaiƙayi, ko na jariri ne. Takan lakata kaɗan ta shafa mata a cikin hannu ta ce ta je ta dawo jibi. Ta daina cewa abin da za a iya sawa a baki ba ya cutar da fata. Da wata ta tuna mata, sai ta ce, "Barkono ma ana sa shi a baki. Shafa ki gani." Man Kwandasta yana cikin farar kwalba mai murfin roba, kuma yarinyar da kanta take shinshina kowane sabon haɗi kafin ta miƙa ƙafa.

Shuɗin gwangwani yana kan taga a ɗakin Mai Ƙamshi, babu komai a cikinsa. Ta mayar da audugar, ta mayar da kwalin yadda ya cusa shi. Ƙamshin yana raguwa. Malama ta ce a ƙara masa ɗigo, ta ce a'a, na ciki hannunsa ne ya ɗiga. Kowace safiya, in ta dafa shayi, kafin ta kurɓa, sai ta ɗauko gwangwanin ta buɗe, ta kai murfin hancinta sau ɗaya, ta ce, "Maƙaryaci." Sannan ta rufe da sauri, ta danna gefe-gefe da babban yatsa, don kada iska ta kwashe na gobe.